Taron masu binciken sufuri

Taron masu binciken sufuri zama ne na ilimi da malaman jami'a, ɗalibai, injiniyoyi da ma'aikatan hukumomin sufuri suke haɗuwa, kowa ya gabatar da binciken da ya yi a kan zirga-zirgar mutane da kaya, a yi masa tambayoyi, a kuma yi masa gyara. Akan yi shi shekara-shekara ko bayan 'yan shekaru, kuma yawanci yakan ɗauki kwana uku zuwa biyar. A nan ne ake tace bincike kafin ya fito a mujallar ilimi, ko ya zama hujjar da gwamnati za ta kafa wajen gina hanya, ƙayyade gudun mota ko tsara tashoshi. Manyan tarukan sun faro ne daga Turai da Amurka. A arewacin Najeriya, Zariya ce cibiyar koyar da wannan fanni.

Kalmomi

A Hausa, sufuri shi ne ɗaukar mutane ko kaya daga wani wuri zuwa wani, galibi a kan kuɗi. Takardar da mai bincike yake karantawa a gaban taro ana ce mata maƙala ko ƙasida, kuma duka kalmomin biyu an aro su ne daga Larabci. Idan zaman ƙarami ne, na kwana ɗaya ko biyu, kafafen yaɗa labarai sun fi kiran sa taron ƙara wa juna sani. Ya bambanta da taron masu ruwa da tsaki, wanda gwamnati take kira domin ta ji ra'ayin ƙungiyoyin direbobi da 'yan kasuwa. A taron masu bincike ana duba hujja ne, wato yadda aka tattara bayanai da yadda aka auna su.

Tarihi

An yi babban taron hanyoyi na duniya karo na farko a birnin Paris na Faransa a shekarar 1908, lokacin da motoci suka fara yawa suna lalata hanyoyin da aka gina domin keken doki. Daga wannan taro aka kafa ƙungiyar hanyoyi ta duniya, PIARC, a 1909.

A Amurka an kafa wata hukumar ba da shawara kan binciken hanyoyi a 1920. A 1974 aka faɗaɗa aikinta ya haɗa da jiragen ƙasa, na sama da na ruwa, aka sa mata sunan da ake taƙaitawa TRB. Taronta na shekara-shekara, wanda ake yi a Washington a watan Janairu, yana tara mutum fiye da 10,000. Karo na 100 ya faɗo a 2021, kuma ta intanet aka yi shi saboda annobar korona.

A Birtaniya, Farfesa R. J. Smeed na Kwalejin Jami'a ta Landan ya jagoranci kafa ƙungiyar nazarin sufuri ta jami'o'i, UTSG, a 1967. Taronta ya fi mayar da hankali ga malamai da ɗaliban digiri na uku. Smeed ya yi suna da wani lissafi da ya wallafa a 1949, wanda ya nuna cewa idan motoci suka ƙaru a ƙasa, adadin mace-mace a kan kowace mota yakan ragu. Shi ne kuma ya shugabanci kwamitin da ya fitar da rahoto a 1964 a kan cajin kuɗin shiga tituna masu cunkoso. Singafo ta fara aiki da irin wannan tsari a 1975, Landan kuwa sai a 2003. Wannan ya nuna cewa shawarar masu bincike tana iya ɗaukar shekaru da dama kafin hukuma ta karɓe ta.

Taron duniya na binciken sufuri, WCTR, ya fara a Rotterdam ta ƙasar Holan a 1977, kuma bayan kowace shekara uku ake yin sa. An yi shi a birane irin su Landan a 1980, Santambul a 2004, Rio de Janeiro a 2013, Shanghai a 2016 da Mumbai a 2019. Wanda ya kamata a yi a 2022 an ɗage shi zuwa 2023 a Montreal ta Kanada. Daga 1977 zuwa 2023 ba a taɓa yin sa a nahiyar Afirka ba.

Yadda ake gudanar da shi

Watanni kafin ranar taro, masu shiryawa sukan fitar da sanarwar neman maƙaloli. Mai bincike yakan aika tsakure na shafi ɗaya ko biyu, ko kuma cikakkiyar maƙala. A taron TRB, ranar 1 ga Agusta ce ƙarshen karɓar maƙaloli. Daga nan sai a ba masana biyu ko uku su duba, sau da yawa ba tare da marubucin ya san ko su wane ne ba. Su ne za su ce a karɓa, a gyara, ko a mayar wa mai ita.

Ranar farko akan buɗe da jawabin babban baƙo. Bayan haka mahalarta sukan rabu zuwa ɗakuna bisa ga batutuwa: kiyaye haɗurra, sufurin birni, jigilar kaya, jiragen ƙasa, tattalin arzikin sufuri, gurɓatar iska da sauransu. Kowane mai gabatarwa yakan samu minti 15 zuwa 20, sannan a ba da 'yan mintuna na tambayoyi. Wasu kuma sukan taƙaita aikinsu a babbar takarda su manna a allo, su tsaya kusa da ita suna amsa tambayoyin masu wucewa. Bayan an tashi akan tattara maƙalolin a kundi, a zaɓi waɗanda suka fi inganci a tura su mujallu.

Matsayin ɗalibai

Ga ɗalibin digiri na biyu ko na uku, taro shi ne wuri na farko da aikinsa yake fita daga hannun malamin da yake duba shi ya shiga gaban baƙin idanu. Tambayoyin da aka fi yi masa su ne: mutum nawa ya zanta da su, yaya ya zaɓe su, a wane lokaci na shekara ya ƙirga motocin, kuma me ya sa yake ganin sakamakonsa zai yi aiki a wani gari. Ɗalibin da ya ƙirga ababen hawa a hanyar ƙauye da rani kawai, za a nuna masa cewa lissafinsa bai shafi damina ba, kuma ranar kasuwa ba ɗaya take da sauran ranaku ba. Gyaran da ya samu a nan yakan rage masa wahala a ranar kare kundinsa. Tarurruka da yawa suna rage wa ɗalibai kuɗin rajista, wasu kuma suna ba da kyauta. A taron UTSG akwai kyauta mai sunan Smeed, wadda ake ba ɗalibin da maƙalarsa ta fi kyau.

A Afirka

A 1980 aka yi wani taro a Dakar ta Senegal a kan sufurin biranen ƙasashe masu tasowa, wanda ya haifar da ƙungiyar CODATU. Daga baya ta yi taruka a Alƙahira, a Cape Town a 1998, a Lome a 2002 da Addis Ababa a 2012. Masu bincike na ƙasashen da suke amfani da Faransanci suna da tasu ƙungiyar, SITRASS, wadda take haɗa masana na Afirka da na Faransa. A Afirka ta Kudu ana yin taron sufuri na kudancin Afirka a Pretoria a watan Yuli, tun farkon shekarun 1980. A watan Maris na 2024 Jami'ar Cape Town ta karɓi baƙuncin wani taron binciken sufuri na Afirka baki ɗaya.

A arewacin Najeriya

Gwamnatin tarayya ta kafa Cibiyar Fasahar Sufuri ta Najeriya, NITT, a Zariya a 1986, domin horar da ma'aikata da gudanar da bincike a dukkan rassan sufuri. Cibiyar tana kan hanyar Basawa, kuma tana shirya kwasa-kwasai da tarukan ƙara wa juna sani. A Zariyar dai akwai Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama da aka kafa a 1964, ga kuma Jami'ar Ahmadu Bello. A Daura ta Jihar Katsina, Shugaba Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri ta Tarayya a watan Disamba na 2019. Jami'ar Fasaha ta Tarayya da take Minna ma tana da sashen koyar da harkar sufuri.

Masu binciken wannan fanni a Najeriya sun warwatsu a sassa daban-daban: labarin ƙasa, injiniyancin gine-gine, tsara birane da tattalin arziki. Saboda haka maƙaloli da yawa a kan sufuri ana gabatar da su ne a tarukan shekara-shekara na ƙungiyar masana labarin ƙasa ko ta injiniyoyi, ba a taron da aka keɓe wa sufuri kaɗai ba. Asusun TETFund yana ɗaukar nauyin malaman manyan makarantun gwamnati zuwa taruka a gida da waje.

Batutuwan da suka shafi ƙasar Hausa

Najeriya ta daɗe da shiga littattafan wannan fanni. A 1963 Taaffe, Morrill da Gould suka wallafa wani nazari a kan yadda hanyoyi suke bazuwa daga bakin teku zuwa cikin ƙasa, kuma daga Ghana da Najeriya suka ɗauko misalansu. Masana tarihi kuma sun yi rubutu a kan fatake masu kai goro daga Gwanja da jakuna, da yadda isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta buɗe cinikin gyaɗa.

A cikin birni, batun da ya fi jan hankali shi ne sufurin da ba gwamnati ce take tafiyar da shi ba. A watan Janairu na 2013 gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Daga nan babur mai ƙafa uku ya mamaye tituna. Sunansa na Kano, adaidaita sahu, ya samo asali ne daga shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau. A Sakkwato da Nijar kuwa, kabu-kabu ake ce wa babur ɗin haya. Mai binciken da bai san waɗannan sunaye ba zai sha wahala wajen tsara tambayoyin da zai yi wa fasinjoji.

A karkara, ma'aunin da Bankin Duniya ya fito da shi a 2006 yana ƙirga mutanen da suke zaune cikin tazarar kilomita 2 daga hanyar da mota take iya bi rani da damina. A yankuna masu noma irin su Madachi da sauran ƙauyukan Rano da Kibiya a kudancin Kano, wannan ma'auni yana da alaƙa da kuɗin kai buhun masara kasuwa, da lokacin da mace mai naƙuda za ta ɗauka kafin ta isa asibiti, da ko ɗalibi zai iya zuwa makaranta a watan Agusta. Kano tana cikin jihohin da suka shiga shirin RAAMP na gyaran hanyoyin karkara, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020. Gina Porter ta Jami'ar Durham, wadda ta yi bincike a Najeriya da Ghana, ta wallafa nazari a 2002 a kan rayuwar mutanen ƙauyukan da ba sa bakin titi, inda mafi yawan tafiya da ƙafa ake yi, kuma mata da yara ne suka fi ɗaukar kaya a ka.

Sauran batutuwan sun haɗa da layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairu na 2021, da tashar tsandauri ta Dala da aka buɗe a Janairu na 2023. Akwai kuma haɗurran mota. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne suke mutuwa a hanya kowace shekara, kuma idan aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ta fi kowane yanki.

Matsaloli

Kuɗin jirgi, masauki da rajista da kuɗin waje sun fi ƙarfin yawancin ɗaliban Najeriya da Nijar, ga kuma wahalar samun biza. Harshe ma shinge ne: masu bincike a Kano da Maraɗi suna nazarin hanya ɗaya da 'yan kasuwa ɗaya, amma waɗansu suna rubutu da Ingilishi, waɗansu da Faransanci, kuma kowane ɓangare da tarukan da yake zuwa. Direbobi, 'yan kamasho da manoman da aka zanta da su da Hausa ba kasafai sakamakon yake komawa gare su da harshen da suke ji ba.

Haka kuma, yawancin hanyoyin lissafin da ake koyarwa an gina su ne a kan biranen da bas take da jadawali da tasha tsayayya. Kafin su yi aiki a inda mota ba ta tashi sai ta cika, dole a sake musu fasali. Tarukan da ake yi ta intanet tun 2020 sun rage tsadar halarta, sai dai suna buƙatar wutar lantarki da sabis mai ƙarfi.