Bayani Kan Ire-iren Gudun Jirgin Sama

Al'ummarmu ta Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi ba baƙin jirgin sama ba ne. Alhazanmu sun sha tashi zuwa ƙasa mai tsarki daga filin jirgin Sultan Abubakar III da ke Sakkwato, manomanmu kuma sun san jiragen da ke feshin tsuntsayen jan-baki. Don haka muka ga ya dace mu bayyana yadda ake auna gudun jirgi, wanda ake lissafawa da not; not ɗaya daidai yake da kilomita 1.852 a awa.

Na farko shi ne gudun da agogon matuƙi ke nunawa. Wani ɗan bututu ne a jikin jirgin yake auna ƙarfin iskar da ke bugunsa. Sunansa bututun Pitot, bisa sunan Henri Pitot na Faransa da ya ƙirƙiro shi a 1732. Da wannan gudu matuƙi ke dogara wajen tashi da sauka.

Na biyu shi ne gudun da aka tace, wato bayan an cire kuskuren na'ura da na gurbin da aka dasa ta.

Na uku shi ne ainihin gudun jirgi cikin iska. Iska tana raguwar kauri idan an yi sama, don haka ainihin gudun yakan zarce na agogo da kimanin kashi 2 cikin 100 a kowace ƙafa 1,000. Zafin bazara ma yana rage kaurin iska, shi ya sa jirgi ke buƙatar doguwar hanya kafin ya ɗaga.

Na huɗu shi ne gudu bisa doron ƙasa. Jirgin da ke gudun kilomita 400 a awa, idan ya fuskanci iska mai gudun kilomita 50, to 350 yake ci. Idan tana bayansa kuwa, 450. Wannan ne ke sa tafiya da dawowa su bambanta a tsawon lokaci.

Lamarin ba na wasa ba ne. A 1996 wani jirgi ya faɗa teku kusa da Jamhuriyar Dominika, mutum 189 suka rasu. Masu bincike sun yi zargin zanzaro ne ya toshe bututun da ginin laka.

Saboda haka muna kira ga jami'an ƙananan hukumomi da su wayar da kan maniyyata cewa jinkirin tashi saboda zafi, ƙurar hunturu ko binciken na'ura kariya ce ga rayukansu. Allah Ya kiyaye mana hanya.