Fatauci da Hada-hadar Filaye a Kwarin Ohayo, 1763–1798

Gabatarwa

A shekarar 1763 aka ƙulla yarjejeniyar Faris, wadda ta kawo ƙarshen Yaƙin Shekara Bakwai. A ƙarƙashinta Faransa ta sallama wa Ingila Kanada da ƙasashen da ke gabas da kogin Misisifi. Fataken biranen gaɓar teku na Amurka ta Arewa suka ga kasuwa ta buɗe musu a yamma. Wannan maƙala za ta bi tarihin wani kamfani na birnin Filadelfiya, na John Baynton da Samuel Wharton da George Morgan, domin nuna yadda bashin fataucin ƙetare ya tura attajirai cikin hada-hadar filaye, da kuma dalilin da ya sa filayen suka kasa fitar da su.

Tushen Bashi

Fataucin wancan zamani a kan bashi ya ginu. Attajiri a Filadelfiya yakan karɓi barguna da yadi da bindigogi da albarushi daga Landan, bisa alkawarin biya idan wa'adi ya cika. Daga nan sai a haye tsaunukan Afalaciya da kayan zuwa sansanin soja na Fort Pitt, a loda su cikin kwale-kwale, a gangara kogin Ohayo zuwa yankin Ilinoi, inda ake musayarsu da fatun namun daji a hannun 'yan asalin ƙasar. Sai an sayar da fatun a Turai sannan kuɗi su dawo.

Kamfanin ya zuba jari mai yawa a wannan hanya tun daga 1765, amma lissafinsa bai fita ba. Fataken Faransawa da suka daɗe a yankin sun fi sanin mutanensa, kuma gangara Misisifi da fatu zuwa tashar Niyu Oliyans ya fi sauƙi da arha a kan hawa Ohayo. Fatun suka bi ta kudu, bashi kuwa yana jira a gabas. A 1767 dole ta sa kamfanin ya miƙa harkokinsa a hannun amintattun masu binsa bashi.

Daga Kaya Zuwa Fili

A nan ne fili ya shigo. A yaƙin da Pontiac ya jagoranta a 1763 an kwashe kayan fatake da dama, waɗanda suka ƙiyasta hasararsu fiye da fam 80,000. Suka haɗa kai suna neman diyya, ba ta kuɗi ba, ta ƙasa. Sai dai sanarwar Sarki Joji na Uku ta Oktoba 1763 ta hana Turawa zama yamma da tsaunuka, ta kuma hana kowa sayen fili daga 'yan ƙasa in ba gwamnati ba.

Taron Fort Stanwix na 1768 ya buɗe musu ƙofa. A can Ƙabilu Shida na Irokwa suka sallama wa Ingila ƙasar da ke kudu da Ohayo a kan kimanin fam 10,000, suka kuma keɓe wa fataken wani makeken yanki da aka laƙaba wa suna Indiyana, wanda yake cikin jihar Bajiniya ta Yamma ta yau. Abin lura shi ne, Irokwa ba a wannan ƙasa suke zaune ba; farfajiyar farautar Shawni da maƙwabtansu ce. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Takardar ba ta da ƙarfi sai Sarki ya amince, don haka Wharton ya nufi Landan a 1769. Ya haɗa gwiwa da wani mai banki, Thomas Walpole, da Benjamin Franklin, aka raba hannun jari ga manyan fada. Buƙatar ta bunƙasa har ta kai eka miliyan 20, da nufin kafa sabon yankin mulki mai suna Bandaliya. Majalisar Sarki ta amince a 1772, kuma Lord Hillsborough, sakataren yankunan mulki da ya yi adawa da shirin, ya ajiye aiki. Duk da haka ba a taɓa buga hatimi ba. Bajiniya ta ce ƙasar tata ce, rikicin ganyen shayi na Boston a Disamba 1773 kuma ya ɓata tsakanin Landan da Amurkawa. A wannan shekara Baynton ya rasu cikin karayar arziki. A 1774 yaƙi ya ɓarke tsakanin Bajiniya da Shawni a kan ƙasar da ake ta rabawa a takarda.

Bayan Amurka ta ayyana 'yancin kanta, majalisar Bajiniya ta soke iƙirarin Indiyana a 1779. Masu hannun jari suka garzaya Kotun Ƙoli, amma gyara na 11 ga tsarin mulki ya hana mutumin wata jiha ya kai ƙarar jiha a kotun tarayya. A 1798 aka kori ƙarar.

Kammalawa

Abin da wannan tarihi ya nuna shi ne, fili da bashi ba tafiyarsu ɗaya ba. Bashin Landan yana da ranar biya, fili kuwa ba ya zama kuɗi sai an sami hukumar da za ta tabbatar da mallaka, da sojan da zai tsare ta, da manoman da za su saya. Fataken ba su da iko da ko ɗaya daga cikin ukun, shi ya sa suka bar kasuwa suka koma zaman fada da kotu. Su sun rasa jarinsu. Shawni kuwa, waɗanda ba su ci bashin kowa ba, su ne suka rasa ƙasar.