Sharm el-Sheikh: Daga Sansanin Yaƙi Zuwa Garin Shaƙatawa

Sharm el-Sheikh gari ne a can ƙarshen kudancin yankin Sinai na ƙasar Masar, a bakin Bahar Maliya, daura da mashigin Tiran da jiragen ruwa ke bi zuwa Aƙaba da Eilat. Har tsakiyar ƙarni na 20 ba kowa a wurin sai 'yan masunta da Larabawa makiyaya.

Yaƙi ne ya fara fito da sunansa. Isra'ila ta kama wurin a 1956, ta janye a 1957, ta sake kama shi a 1967 bayan shugaban Masar Gamal Abdel Nasser ya rufe mashigin. A lokacin mamayar aka kafa matsugunin Ofira da filin jirgin sama. Masar ta karɓi abinta a 1982, bisa yarjejeniyar sulhu ta 1979.

Arzikin garin yana ƙarƙashin ruwa. Tekun garau yake, da ɗumi ko a lokacin da Turai ke fama da ƙanƙara, ga duwatsun murjani da kifaye launi-launi dab da gaɓa. A 1983 aka keɓe yankin Ras Muhammad da ke kusa da garin a matsayin wurin da doka ta kare, kuma wannan mataki ya cancanci yabo, don an ɗauke shi tun kafin otal-otal su cika gaɓar Naama da ke garin. Masu nutso na zuwa takanas don ganin Thistlegorm, jirgin ruwan Birtaniya da Jamusawa suka nutsar a 1941. Ruwan sha kuwa, na teku ake tacewa. Ban da harkar shaƙatawa, gwamnatin Hosni Mubarak ta mai da garin zauren manyan taruka, ciki har da taron Tarayyar Afirka na 2008. Daga baya garin ya karɓi taron sauyin yanayi, COP27, a 2022.

Garin ya sha wuya. Bama-baman Yulin 2005 sun kashe mutum 88. A Oktoban 2015 jirgin saman Rasha da ya tashi daga can ya tarwatse da mutum 224, Rasha da Birtaniya suka dakatar da jiragensu, ɗakunan otal suka zama wayam, ma'aikata da dama suka koma garuruwansu hannu rabbana. Sai a 2021 jiragen Rasha suka dawo.

Yanzu abin damuwa shi ne murjanin kansa, wanda cunkoson masu nutso da gine-ginen bakin gaɓa ke yi wa illa. Wajibi ne hukumomin Masar su fifita kare shi a kan ƙara yawan otal.