fitila

fìtilā̀ *sn., mc.*, *jam.* fìtìlū. Asali: Lar. *fatīla*, lagwani.

1. Abin haskaka wuri, na mai ko na lantarki. *Mis.*: An ɗauke wuta, kunna ~. ~r ƙwai: mai kananzir da ƙwan gilashi.

2. Ta mota ko ta bakin titi. *Mis.*: Fitilun titin Zariya sun haske Gyaɗi-Gyaɗi.

3. (*noma*) ~r shuka: wadda ke maye gurbin rana ga tsiro a cikin ɗaki, ganye ya fi cin moriyar haske ja da shuɗi. *Mis.*: Ya yi renon tumatir a Tarauni da ~, awa 14 zuwa 16 kullum.
(a) Mai ƙwan sodiyam ba ta aiki sai da cok, na'urar da ke tayar da ƙwan, ta kuma ƙayyade wutar da yake sha.
(b) Cok mai ragi: mai maɓallin sauya ƙarfi, galibi kashi 50, 75 ko 100. *Mis.*: Ƙwan wat 600 ne, ya mai da shi 300 don dashen bai yi ƙwari ba. Ragi na sauƙaƙa kuɗin wuta da zafin ɗaki, abin so a bazarar Kano. In ragin ya yi yawa, launin hasken kan canza. A bar ƙwan ya yi zafi kafin a rage; in ya mutu, sai ya huce yake sake kamawa.
(c) Ta LED ba ruwanta da cok.

4. (*azanci*) Jagora, mai ilimi. *Mis.*: Malam ~r unguwa ne.

*Dangi*: mai ~, 'yar ~. *Dubi*: haske, lagwani, tocila, acibalbal.