Daga binciken Garki zuwa makunnan ƙwayoyin garkuwar jiki

A shekarar 1969 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka ƙaddamar da bincike kan zazzaɓin cizon sauro a gundumar Garki, wadda a lokacin take cikin Jihar Kano, yau kuma tana Jigawa. A 1972 da 1973 aka feshe ɗakunan ƙauyuka da maganin sauro, aka raba wa wasu ƙauyukan ƙwayoyin magani, ana ɗibar jinin jama'a ana aunawa. Cutar ta ragu ƙwarai, amma da aka daina sai ta dawo. Masu binciken sun kuma tabbatar da abin da iyaye a Kiyawa da Dutse suka daɗe da sani: zazzaɓin damina yara yake kayarwa, babba kuwa yakan yi yawo da ƙwayar cutar a jininsa ko ciwon kai babu.

Abin da aka iya aunawa na garkuwar jiki a wancan zamani shi ne sinadaran kariya da ke cikin ruwan jini. Sanin ƙwayoyin da ake kira T bai yi nisa ba tukuna, domin sai a 1961 Jacques Miller ya nuna cewa wata 'yar gaɓa da ke bayan ƙashin ƙirji, taimos, ita ce wurin renonsu. Yawancin ƙwayoyin T sai sun gamu da cuta, sun yi kwanaki suna hayayyafa, kafin su shiga yaƙi. Daga tsakiyar shekarun 1980 aka fara gano wasu daban, masu fitowa daga taimos a shirye, kamar 'yan banga da ke isa wurin ɓarna kafin sojoji su taso daga bariki. Su ne gamma-delta, da NKT, da MAIT.

Me ke sa su fito a shirye, alhali littafin gadonsu ɗaya da na sauran? Amsar tana ga wasu furotin masu hawa kan zaren gado, su kunna wani sashe su kashe wani. Babba cikin waɗannan makunnai shi ne PLZF. A 1993 aka fara saninsa a jikin masu wani nau'in sankarar jini, sai a 2008 ayari biyu na masana a Amurka, ɗaya ƙarƙashin Albert Bendelac na Jami'ar Chicago, ɗaya ƙarƙashin Derek Sant'Angelo, suka nuna cewa ɓeran da ba shi da PLZF, ƙwayoyinsa na NKT kaɗan ne, kuma ba su da wannan zafin nama. A 2013 ɗakin binciken Kristin Hogquist a Minnesota ya nuna yadda wasu makunnan ke raba wa ƙwayoyin NKT aiki: ƙwayar da makunnin T-bet ya yi rinjaye a cikinta takan fuskanci cutar da ta ɓuya a cikin ƙwayoyin jiki, mai GATA3 ta karkata ga tsutsar ciki, mai ROR-gamma-t kuma ta tsare fata da hanyar numfashi.

Zazzaɓin cizon sauro kuwa da gamma-delta ya fi hulɗa. Suna jin wani sinadari da ƙwayar cutar ke fitarwa, su yawaita a jini, su saki sinadarai masu kashe ta, waɗanda kuma suke tayar da zazzaɓi. A 2014 wani bincike kan yaran Tororo a Uganda ya gano cewa yaron da ya sha kamuwa, waɗannan ƙwayoyi kan ragu a jikinsa, su yi sanyi, sai ya zama yana ɗauke da cutar ba tare da ya kwanta ba. Wato wani ɓangare na juriyar manya, sassautawar jiki ce bayan an sha wuya.

Sai dai wannan juriya tana da tsada. Yaro sai ya tsallake damina da dama yana kwanciya yana tashi kafin ya same ta, kuma ba kowane yaro ke tsallakewa ba. Shi ya sa maganin rigakafin da ma'aikatan lafiya ke bi gida-gida suna bai wa yara 'yan wata 3 zuwa 59 kowane wata a damina, a Kiyawa da sauran ƙananan hukumomin Jigawa, bai kamata uwa ta bari wata ɗaya ya wuce ɗanta ba.