Gandun dajin Termit da Tin-Toumma: abin da mai ziyara ya kamata ya sani

Termit jerin duwatsu ne baƙaƙe da ke arewa maso gabashin Gure, a jihar Damagaram, inda sahel ke haɗuwa da rairayin sahara. Tsayinsu ya kai kusan mita 700. Daga Gure ana bi ta Tesker, kuma yawancin hanyar yashi ce, sai mota kat-kat ko raƙumi.

Gwamnatin Nijar ta kafa gandun ne a watan Maris na 2012, da faɗin kusan murabba'in kilomita 97,000, a jihohin Damagaram, Diffa da Agadas, abin da ya sa ya shiga sahun mafi girma a Afirka. A 2018 aka damƙa kula da shi ga ƙungiyar Noé ta ƙasar Faransa.

Namun dajin da ke ciki

Nan ne mafakar ƙarshe ta farar barewar sahara da ake kira addax. Akwai kuma barewar dama, ragon dutse, rabbi, tuje da kunkuru. Farauta ta yi wa addax mummunar illa: ƙidayar da aka yi a 2016 guda 3 kacal ta gano. A 2019 an sauya iyakokin gandun saboda aikin man fetur na yankin Agadem, lamarin da ya tayar da hankalin masu kare muhalli.

Mutane da tarihi

Makiyaya Tubawa, Buzaye, Larabawa da Fulani suna kiwo a yankin, rayuwarsu ta rataya a kan rijiyoyi. Masana tarihi sun gano zane-zane a jikin duwatsun da kuma wuraren narka ƙarfe na tun kafin haihuwar Annabi Isa.

Kafin a kama hanya

Lokacin da ya fi dacewa shi ne na sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Da bazara zafi kan wuce digiri 40. A nemi izinin jami'an gandun daji, a kuma tuntuɓi hukumomi kan halin tsaro. Ba a shiga sai da ɗan jagora na yankin da isasshen ruwa, domin rijiyoyin suna da nisa da juna. Hawan dutse da sassafe ya fi. Farauta haramun ce a dokar gandun, haka ma ɗaukar kayan tarihi.