Kaylia Nemour: Tarihin Gwanar Alkafura ta Aljeriya

Kaylia Nemour 'yar wasan alkafura ce mai wakiltar ƙasar Aljeriya. An haife ta ranar 30 ga Disamba, 2006, a Saint-Benoît-la-Forêt ta ƙasar Faransa. Mahaifinta ɗan asalin birnin Kusantina ne a gabashin Aljeriya, mahaifiyarta kuwa Bafaranshiya ce. Kafin ita, babu wani ɗan wasan wata ƙasar Afirka, mace ko namiji, da ya taɓa hawa dandamalin karɓar lambar yabo a wannan wasa, ko a Gasar Duniya ko a Olamfik. Ita ta buɗe ƙofofin biyu: azurfa a Gasar Duniya ta 2023, zinare a Olamfik ta Paris a 2024, sannan zinare a Gasar Duniya ta 2025. Abin da ya sa tarihinta ya fita daban shi ne, ƙasar da ta raine ta ta kuma koya mata wasan ita ce ta nemi ta tare mata hanya, kuma a babban birnin wannan ƙasar ta ci zinarenta da tutar wata ƙasa.

Yadda wasan yake

Alkafurar mata a matakin ƙwararru kashi huɗu ce. Akwai tsallaken teburi, inda yarinya za ta sheƙo da gudu ta dafa teburin ta wuntsila a iska. Akwai siririn katako mai tsawon mita 5 da faɗin santimita 10 kacal, wanda aka ɗaga sama da ƙasa da mita 1.25. Akwai wasan fili, a kan shimfiɗa mai mita 12 kowane gefe, ana yi ana bin kiɗa. Sai kuma sanduna biyu, doguwa da gajeruwa, doguwar ta ɗan haura mita biyu da rabi, gajeruwar ba ta kai mita biyu ba. A waɗannan sanduna ne Nemour ta yi zarra.

Tsofaffin masu kallo suna tuna zamanin da maki 10 ne ƙarshen zance, wanda Nadia Comăneci ta Romaniya ta fara samu a Olamfik ta Montreal a 1976, a kan waɗannan sanduna, tana da shekara 14. Wannan tsari ya kau tun 2006. Yanzu maki biyu ake haɗawa. Na farko makin wahala ne: kowane salo yana da harafinsa da farashinsa, daga A mai 0.1 zuwa sama, ana ƙirga salo takwas mafi tsada a cikin abin da 'yar wasa ta yi, a ƙara mata lada idan ta sarƙa masu wuya a jere ba tare da ta huta a tsakani ba. Na biyu makin tsafta ne, wanda ke farawa daga 10, alƙalai su riƙa zaftarewa: ƙafa ta buɗe, gwiwa ta tanƙware, hannu ya lanƙwashe, an ƙara taku wajen dira. Faɗuwa ɗaya tana cin maki guda cur, a wasan da sau da yawa abin da ke raba ta ɗaya da ta biyu bai kai kashi ɗaya cikin goma na maki ba.

Avoine

Tana da shekara huɗu ta fara zuwa kulob ɗin Avoine-Beaumont, tana bin sawun yayarta. Avoine ƙauye ne a gefen kogin Loire, mutanensa ba su kai dubu uku ba.  Sai dai a cikin ƙasarsa tashar lantarkin nukiliya ta Chinon take, kuma a lokacin yana da ɗakin wasa da mata da miji masu horarwa, Gina da Marc Chirilcenco, waɗanda suka yi shekaru suna fitar wa Faransa 'yan wasan ƙasa. A hannunsu Nemour ta tashi. Ya zuwa 2021, tana da shekara 14, ta zama gwanar Faransa a sanduna, kowa kuma ya sa rai da ita za a je Olamfik ɗin da ƙasar za ta karɓi baƙuncinta bayan shekara uku.

Gwiwa da rigima

A wannan shekarar ce ciwo ya kama ta a gwiwoyi biyu, irin wanda ke taɓa ƙashin da ke ƙarƙashin guringuntsi, wanda ya fi samun yara masu tasowa da ke yawan tsalle da dira. Aka yi mata aiki a kowace gwiwa. Bayan watanni na jinya, likitan da ke duba ta ya ce ta warke, ta koma fage. Likitan hukumar alkafura ta Faransa ya ce a'a.

Ba gwiwa kaɗai ake ja-in-ja a kanta ba. Hukumar ta riga ta yanke shawarar tattara manyan 'yan wasanta mata a cibiyoyinta na ƙasa don shirin 2024, Nemour da iyayenta kuma suka ƙi barin Avoine. Tsakanin hukumar da masu horar da ita ma akwai tsama, hukumar tana zargin cewa ana ɗora wa yara nauyin da ya fi ƙarfinsu, kulob ɗin yana musantawa. Da magana ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, sai yarinyar ta juya ga ƙasar mahaifinta. A watan Yuli na 2022 Hukumar Alkafura ta Duniya ta amince da sauyin, amma a dokarta, idan tsohuwar ƙasa ba ta saki ɗan wasa ba, sai ya zauna shekara guda bai shiga gasannin hukumar ba. Faransa ta ƙi sakin ta.

Shekara guda a bakin mai ofis ba wani abu ba ne. A lissafin Nemour kuwa, ita ce komai. Wa'adin zai cika ne a Yuli na 2023, alhali Gasar Afirka a watan Mayu za a yi ta. Daga Gasar Afirka ake samun gurbin Gasar Duniya, daga Gasar Duniya ake samun tikitin Olamfik. Wanda ya hana ta Mayu ya kusa hana ta Paris. A tsakanin nan abin da ta samu kawai shi ne Gasar Larabawa da aka yi a birnin Wahran a Oktoba na 2022, wadda takunkumin bai shafa ba, ta kuma ci zinare a sanduna. Sai da surutu ya yi yawa, ministar wasanni ta Faransa, Amélie Oudéa-Castéra, ta sa baki, sannan aka sake ta ana saura kwanaki kaɗan a fara Gasar Afirka.

Ko ma wane ne ke da gaskiya a batun lafiyarta, riƙe takardar sakin ba magani ba ne ga gwiwa. Hukunci ne kawai, kuma kan yarinya 'yar shekara 16 ya faɗa.

Pretoria da Antwerp

A Pretoria ta Afirka ta Kudu, a ƙarshen Mayu na 2023, ta zo ta ɗaya a jimillar kashi huɗun. A nan ne kuma ta fito da salon da aka sa wa sunanta a littafin dokokin wasan, domin al'ada ce duk wanda ya fara yin sabon salo lafiya lau a babbar gasa, da sunansa za a riƙa kiransa. Tushen salon tsohon abu ne da Aleksandr Tkachev na Tarayyar Sobiyet ya fara yi a gasa a shekarun 1970: mutum ya kewayo sanda da ƙarfi, ya sake ta, ya tsallake ta da baya ta sama, ya sake cafke ta. Nemour ta ƙara masa wuya ta fuska biyu. Tana shiga kewayen ne a naɗe, ƙafafunta a haɗe sun ratsa tsakanin hannayenta ba su taɓa sandar ba, sannan ta tsallake sandar jikinta a miƙe samɓal, ba ta buɗe ƙafa ba, ba ta karya ƙugu ba. Harafin G aka ba shi, wato 0.7.

A Gasar Duniya ta Antwerp a Beljiyam, a Oktoba, ta samu tikitin Olamfik, ta zo ta takwas a jimilla, ta kuma ci azurfa a sanduna da maki 15.033. Qiu Qiyuan ta ƙasar Sin ta sha gabanta da 15.100. A wannan gasar ce kuma tawagar matan Faransa ta ci tagulla ba tare da ita ba, abin da ya sa wasu suka ɗauka ba a yi asarar komai ba.

Paris, 2024

A zagayen share fage a zauren Bercy ta samu 15.600 a sanduna, babu wadda ta kamo ta. Simone Biles ta Amurka, wadda ta fi kowa a kusan komai, ta zo ta tara a wannan kashi, ba ta shiga cikin takwas ɗin ƙarshe ba. Tawagar Faransa kuwa ta watse a gaban mutanenta, ta ƙare a ta goma sha ɗaya. A wasan ƙarshe na jimilla, ranar 1 ga Agusta, Biles ta ɗauki zinare, Rebeca Andrade ta Barazil ta bi mata, Sunisa Lee ta Amurka ta zo ta uku, Nemour ta biyar da maki 55.899.

Ranar 4 ga Agusta aka yi na sanduna. Kafin 'yar wasa ta hau, sai an gyara mata sandunan yadda take so: a fesa ruwa, a goga farar hoda, ita kuma ta ɗaure fatar da ke kare tafin hannu, ta tsoma hannu a kwanon hoda, ta tafa. Duk wasan ba ya kai minti guda. Qiu Qiyuan ce ta hau daf da Nemour, ta yi wasa mai kyan gaske, aka ba ta 15.500, makin da da shi za a ci zinare a kusan kowace gasa ta waɗannan shekaru. Nemour ta hau tana sane da cewa ƙaramin kuskure ya ishe ta.

Ƙarfinta ba a salo guda yake ba, a sarƙawa yake. Yawancin 'yan wasa idan suka saki sanda suka kama, sukan yi lilo ɗaya su tsaya a kan hannu su daidaita kafin su shiga na gaba. Ita daga kamawa sai ta faɗa gajeruwa, daga gajeruwa ta tashi ta koma doguwa, daga nan ta sake saki, ba numfashi a tsakani, kowane haɗi yana ƙara mata lada, kowane haɗi kuma wata kafa ce ta faɗuwa. Ta sauko da juyi biyu a iska jiki a miƙe. Makin wahalarta 7.2, na tsafta 8.5, jimilla 15.700. Tun kafin allo ya nuna makin ta fashe da kuka. Qiu ta karɓi azurfa, Sunisa Lee tagulla da 14.800, Nina Derwael ta Beljiyam, mai zinaren Tokyo, ta zo ta huɗu.

Zauren ya cika da tutocin Aljeriya, Faransawa da yawa kuma suna tafa mata a matsayin 'yar gida. Aka buga taken Aljeriya a tsakiyar Paris, taken ƙasar da Faransa ta mulka daga 1830 zuwa 1962. Rabon Aljeriya da zinare a Olamfik tun wanda Taoufik Makhloufi ya ci a tseren mita 1500 a Landan a 2012. Bayan 'yan kwanaki Imane Khelif ta ƙara mata wani a dambe.

Zinaren wa?

A takarda na Aljeriya ne, na Afirka ne, babu mai ja. Amma duk wanda ya ce nahiyar ta iso a wannan wasa ya yi gaggawa. Nemour a Faransa aka haife ta, a can ta koya, a can ta ci gaba da atisaye bayan ta sauya tuta. Haka labarin yake a Najeriya: Uche Eke, wanda ya ci zinare a Wasannin Afirka na Rabat a 2019 kuma ya zama ɗan alkafura na farko da ya wakilci ƙasar a Olamfik a Tokyo, a Amurka ya tashi, a Jami'ar Michigan ya goge. Masar da Afirka ta Kudu ne suka daɗe suna raino a gida, irin su Caitlin Rooskrantz ta Johannesburg. Yaran da ke wuntsila gudidi a kan yashi ba su rasa jiki ko ƙarfin hali ba. Abin da babu shi ne ramin soso da za a faɗa ciki sau dubu ana koyon saki da kamawa, da mai horarwa da ya san aikin, da likitan ƙashi a kusa, tun yaro yana ɗan shekara huɗu ko biyar.

Ga iyaye a ƙasashen Musulmi akwai kuma batun sutura, wanda ba a cika faɗa a fili ba. Hassiba Boulmerka, wadda ta ciwo wa Aljeriya zinarenta na farko a Barcelona a 1992, ta sha barazanar kisa saboda kayan da take gudu da su. Dokar alkafura ba ta tilasta guntuwar rigar da aka saba gani ba; ta yarda da mai rufe ƙafa har idon sawu, kuma 'yan matan Jamus sun sa irinta a Gasar Turai ta 2021 da Olamfik ta Tokyo.

Bayan Paris

A 2025 aka ji abin da ba a zata ba: Nemour ta rabu da masu horarwar da ta yi rigima da ƙasa guda saboda su. Ta bar Avoine ta koma birnin Dijon, ƙarƙashin Nadia Massé. Masu bin wasan suka zuba ido su ga ko sandunan za su bi ta.

Amsa ta zo a Jakarta ta Indunusiya a watan Oktoba, a Gasar Duniya ta farko da aka yi a kudu maso gabashin Asiya. A jimilla ta zo ta huɗu, bayan Angelina Melnikova da Leanne Wong da Zhang Qingying. A siririn katako ta ci azurfa, abin da ya nuna ba gwanar kashi ɗaya ba ce kawai. A sanduna ta samu 15.566, ta ba ta biyu ratar fiye da maki guda; da ta faɗi sau ɗaya ma, a lissafi, da ƙyar a kamo ta. Lokacin Olamfik ta Los Angeles a 2028 za ta kasance da shekara 21.